Gyaran Hob na Ƙafar Gaba ta Tsohon Babur: Bayani ga Jama'ar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da Garo har ta isa Gwarzo, ya san yawan baburan da ke kai da kawowa a kanta. Da babur manomi ke kai taki gona, da shi malami ke zuwa makaranta, da shi kuma ake ɗauko mara lafiya daga ƙauye cikin dare a kai shi Babban Asibitin Gwarzo. Tun daga watan Janairu na 2013, sa'ad da Gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, 'yan acaɓa da yawa suka koma garuruwansu da baburansu, sai abin ya daɗa yawa a karkara.

A cikin baburan nan akwai tsofaffi ƙwarai. A zamanin En'e babur sai a hannun ma'aikaci, yawancinsu kuwa ƙirar Ingila ne, irin su BSA da Triumph. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, sai ma'aikata suka dinga sayen baburan Japan, su Honda Benly da Suzuki da Yamaha, daga baya kuma Honda CG125 da Roadmaster. Jincheng na ƙasar Sin ya shigo cikin shekarun 1990, Boxer na Indiya ya biyo bayansa. Har yanzu akwai na farkon nan a jingine cikin zauruka da shaguna, waɗansu kuma suna kan hanya, uba ya hau ya bar wa ɗa. Mai irin wannan babur yakan kula da inji da taya da fenti, amma da wuya ya tuna da hob, domin ba ya kuka sai ya kusa mutuwa.

Ƙafar gaba kuwa ita ce ke tuƙi, ita ce kuma ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. In ƙafar baya ta ƙage, babur yakan ja gindi, sau da yawa mahayi ya sami damar riƙe shi. In ta gaba ta ƙage ana cikin gudu, ba wata dabara, sai ƙasa. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda.

Abin da ke cikin hob

Hob shi ne cibiyar ƙafa, watau ƙarfen nan na tsakiya wanda wayoyin ƙafa ke tashi daga jikinsa su kama wili. A baburan Japan da alminiyam ake zubinsa. A tsakiyarsa akwai rami wanda aksul ke bi, watau sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar da fok. A kowane bakin ramin akwai boris guda, ɗaya dama ɗaya hagu, tsakaninsu kuma akwai wani ɗan bututun ƙarfe. Daga waje akwai zoben roba mai hana ƙura da ruwa shiga. A gefe guda jikin hob ya buɗe kamar kwano, an shimfiɗe cikinsa da baƙin ƙarfe, shi ne kwanon birki. Murfinsa yana ɗauke da takalman birki biyu masu siffar jinjirin wata, da sifirin da ke riƙe su, da wani ɗan ƙarfe mai faɗi wanda ke juyawa ya buɗa su in an matsa birki, da kuma giyar agogon gudu.

Boris kansa zobe biyu ne, na ciki da na waje, da 'ya'yan ƙarfe a tsakani. Zoben waje yana zaune daram cikin hob yana juyawa tare da shi. Zoben ciki yana tsaye a kan aksul, ba ya motsi. Amfanin ɗan bututun nan kuwa shi ne, sa'ad da aka ɗaure notin aksul, ƙarfin ɗaurin ya bi ta zoben ciki na wannan gefe, ya ratsa bututun, ya fita ta zoben ciki na wancan gefe, ba tare da ya taɓa 'ya'yan ba. In babu shi, ko ya gajarce, sai ɗaurin ya matse 'ya'yan a gefe, boris sabo ya mutu cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa sun zagi mai sayar da kaya a kan boris, alhali kuwa bututu ne aka mance a ƙasa.

Ƙafar ƙaramin babur mai wili na inci 18 takan juya fiye da sau 500 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Gwarzo wajen kilomita 70 ne, ke nan tafiya ɗaya tak juyi ne kusan 37,000. Wanda ya lissafa wannan a shekara arba'in ba zai yi mamakin ganin boris ya gaji ba.

Amma ba juyi ke kashe boris a ƙasar nan ba kamar ƙura da ruwa. Da hunturu ƙura mai laushi takan bi ta tsohon zoben roba da ya bushe ya tsattsage, ta gauraya da giris, ya zama kamar garin dutsen wasa wuƙa. Da damina kuma, musamman cikin Agusta, mahayi yakan taho daga Getso ko Kutama hob ya yi zafi saboda birki, sa'an nan ya faɗa rafi. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwan ciki. Haka nan masu tura babur cikin ruwa a bakin madatsar Guzuguzu ko wani tafki domin wanki, da masu auna tiyon injin wanki daidai bakin aksul. Ruwan nan ba ya fita. A ciki zai kwana, ya kawo tsatsa, tsatsa ta yi wa zobba ramuka. Sai kuma nauyi: buhun taki mai kilo 50 a bisa tanki, biyu a baya, ga ramukan hanya.

Yadda ake gane ciwo

A kafa babur bisa tsayuwarsa ta tsakiya, a sa turmi ko guntun icce a ƙarƙashin inji har ƙafar gaba ta bar ƙasa. A kama taya sama da ƙasa da hannu biyu, a girgiza ta dama da hagu. Lafiyayyen boris ba ya wasa ko kaɗan. In aka ji ƙwas-ƙwas, ko ƙafar na motsi a kan aksul, to ya tafi. Sa'an nan a juya ƙafar, a dafa fok da tafin hannu. Hannu ya fi kunne ji a wannan wuri: mataccen boris yakan aiko da wani gurnani ta cikin ƙarfe, kamar ana niƙa tsakuwa.

Sai dai a yi hattara kada a ɗora wa hob laifin wuyan babur. Wasan wuya gaba da baya yake yi, ana jinsa in an kama fok an ja, ko an matsa birki an tura babur. Wasan hob kuwa gefe da gefe ne. A tsofaffin baburan nan da ake kira roba-roba, masu ɗan gwiwa a ƙasan fok, bushin gwiwar ma yakan ci, ya ba da irin wannan motsi. A sa yatsa a mahaɗar a ji inda motsin ke fitowa.

Sauran alamu su ne kan babur ya riƙa rawa a kan kwalta mai kyau, ko hob ya yi zafi bayan gajeriyar tafiya ba tare da an yi birki ba, ko a ga jan tsatsa yana tsiyayowa daga bakin aksul.

Kwancewa

Kayan aikin ba su da yawa: sifanu daidai da notin, filaya, guduma, sandar ƙarfe mai miƙaƙƙen baki, kananzir, tsumma mai tsabta, da giris. Abu guda ne ya kamata mai tsohon babur na Ingila ya sani tun da wuri, watau notinsa da awon inci aka yi su, sifanar milimita ba ta kama su daidai, sai ta cinye musu kafaɗu. Ba a kuma kwance noti da kurfi da guduma, ko da yake an saba gani.

A shimfiɗa buhu, domin aikin boris ba ya shiri da yashi. A saki wayar birki da ta agogon gudu, a zare fin ɗin da ke tsare notin aksul, a kwance notin, a sassauta ƙananan notin da ke matse aksul a ƙasan fok in babur yana da su. In aksul ya ƙi fita, a mayar da notin bakinsa, a ɗora guntun katako a buga a hankali. Wanda ya buga bakin aksul tsirara da guduma ya ɓata masa haƙora. Kowane abu da ya fito, wosha ne ko ɗan zobe, a jera shi bisa buhun yadda ya fito, na dama daban na hagu daban. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto kafin ya taɓa kome.

Da an zare murfin birki za a ga baƙar ƙura a cikin kwano. Kada a hura ta da baki, kada kuma a busa ta da injin mai faci. Takalman birki na dā da asbestos aka yi fatarsu, ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu ba ta fita, takan kawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. A jiƙa tsumma a share, a ƙulle tsumman cikin leda a binne, kada yara su ɗauka.

A ɓanɓare zoben roba. A duba ko akwai wani zoben ƙarfe mai haƙora da ke tsare boris. Waɗansu babura suna da shi, a waɗansu na Ingila kuma murɗin hagu gare shi, watau ta inda ake ɗaure sauran noti ta nan shi yake kwancewa. An fasa hob da yawa saboda rashin sanin wannan. Daga nan sai a zura sandar ƙarfe ta wannan baki, a ture ɗan bututun gefe kaɗan, a sami bakin boris na wancan gefe, a riƙa bugawa ana zagayawa, nan kaɗan can kaɗan, har ya fito a miƙe. In aka nace wa gefe guda zai fito a karkace ya yagi mazauninsa.

Akwai dabara mai sauƙaƙa wannan. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka in aka kwarara tafasasshen ruwa a jikin hob, ko aka bar shi cikin ranar bazara ya gasu, sai ya saki boris da ɗan bugu kaɗan. Wutar walda ba ta da wuri a nan, gama alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, ba ya ba da gargaɗi.

Boris da aka fitar ta wannan hanya ya gama aiki, ko da yana juyawa sumul a hannu, domin bugun ya bi ta 'ya'yansa ya yi wa zobba tabo. Kuma biyun ake sakewa tare.

Baburan da suka fi waɗannan tsufa, waɗansunsu irin hob ɗin keke gare su, 'ya'ya a sake cikin kofi, da mazugin ƙarfe mai matse su. Duk mai gyaran keke a kasuwar Gwarzo ko ta Kabo ya san wannan aiki. A ƙirga 'ya'yan kowane gefe, a wanke, a duba kofi da mazugi ko sun yi ramuka, a sake 'ya'yan gaba ɗaya, kada a gauraya sababbi da tsofaffi. Shi irin wannan akan bar masa ɗan wasa ƙanƙane wanda da ƙyar ake jinsa a bakin wili bayan an gama ɗauri.

Sayen boris

Ba lalle ne a sami boris mai sunan babur ba, kuma ba a bukata. Masu ƙera babura saye suke yi daga masu ƙera boris, awonsa kuwa ɗaya ne a duniya duka. Lambar da ke rubuce a gefen zobe ita ce sunansa. Lambobi biyu na ƙarshe suna faɗin faɗin ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 kuwa milimita 17. Ƙananan baburan Japan da yawa 6300 ko 6301 ke ƙafarsu ta gaba. Shi 6301 raminsa milimita 12 ne, faɗinsa na waje 37, kaurinsa 12. Akwai 6201 wanda shi ma raminsa 12 ne, zai hau aksul lafiya lau, amma wajensa 32 ne, sai ya yi iyo cikin hob. Haka kuma 6300 da 6202 faɗinsu na waje ɗaya ne, milimita 35, kaurinsu ɗaya, amma ramin na farko 10 ne, na biyu 15. Domin haka mai tafiya Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa sayayya ya tafi da tsohon boris da aksul a aljihu, kada ya dogara da ido. Waɗansu baburan Ingila boris na awon inci gare su, wannan sai an auna, inci guda kuwa milimita 25.4 ne.

Bayan lambar akan ga haruffa. In an rubuta 2RS, an rufe shi da roba gefe biyu, da giris ɗinsa a ciki. In ZZ ne, murfin ƙarfe gare shi, yana tare tsakuwa amma ba ya tare ruwa sosai. Wanda ba shi da harafi a buɗe yake. Ga hanyoyin ƙasar Gwarzo da Kabo babu kamar mai roba gefe biyu, ko da babur ya zo daga kamfani da buɗaɗɗe. Rufaffen boris ba a wanke shi da kananzir, ba a kuma ɓalle robarsa. Duk da haka a sayi sabon zoben roba na waje, kuɗinsa kaɗan ne, shi ne kuma ƙofar gida.

Sanannun masu ƙera boris su ne SKF na ƙasar Suwidin, da FAG na Jamus, da NTN da NSK da Koyo da Nachi na Japan. Amma jabu ya yi yawa a kasuwa, da kwali mai kyau da suna a jiki. A juya shi a hannu: na ƙwarai yana tafiya shiru da ɗan nauyin giris, ba ya kaɗawa in an girgiza shi kusa da kunne, rubutunsa kuma a fili yake. In kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, to araha ba ta ado. Ya fi kyau a saya wurin wanda aka sani, wanda za a iya koma masa.

In mazauni ya buɗe

Bayan an wanke hob a duba mazaunin boris. Sabon boris bai kamata ya shiga da turin yatsa ba. In ya faɗa ciki da kansa, ko ana iya juya zoben wajensa a wurin, to tsohon ya daɗe yana juyawa cikin alminiyam ya cinye shi.

A nan ne ake yin gyaran da ya fi kowane yawa a bakin hanya, kuma ya fi kowane ruɗi. Waɗansu sukan sassari cikin mazaunin da bakin ƙusa domin ya yi ƙuraje ya kama boris, waɗansu su yanko gwangwanin madara su naɗa. Ranar farko abin yakan yi kamar ya yi. Amma ƙurajen alminiyam ba su ɗaukar nauyi, cikin 'yan makonni za su kwanta, ramin ya fi dā faɗi. Gwangwani kuwa ba ya zama daidai ko'ina, sai boris ya zauna a karkace. In cin kaɗan ne, akwai wani gam na musamman da ake sayarwa domin riƙe boris, yana yi. In ya yi yawa, sai a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe a Kano su faɗaɗa ramin su dasa masa zoben ƙarfe daidai awo, ko kuwa a nemi wani hob daga mataccen babur irinsa.

A duba kuma bakin hob inda wayoyi ke kamawa. In an ga tsaga, ko siririya kamar gashi, daga wannan rami zuwa wancan, wannan hob ya gama. Ba a yi masa walda. Wanda zai sake hob dole ya sake ɗaurin wayoyi, guda 36 ne a yawancin ƙananan baburan Japan, 40 a yawancin na Ingila. Kafin a kwance ko ɗaya a zana yadda suka sassaɓa, a kuma auna inda wili ya tsaya bisa hob, domin ba kullum yake tsakiya ba. Wannan aikin gwani ne. Ko da ba za a sake hob ba, a bi wayoyin da sifana ana ƙwanƙwasawa: mai ɗauri tana ƙara kamar tsirkiya, sakakkiya kuwa muryarta a mace take. In an juya ƙafa, kaucewar wili kada ta wuce milimita 2. Aksul kuma a mirgina shi bisa gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa. In yana ɗingishi ya lanƙwashe, a sake shi.

Birki

Tun da an riga an buɗe, wauta ce a rufe ba a duba birki ba. Fatar sabon takalmi a ƙananan babura wajen milimita 4 ce. In ta koma 2 a sake. Amma tsohon babur yana da wani haɗari wanda kauri ba ya nunawa. Fatar nan manna ta aka yi da gam, gam kuwa yana tsufa, damshi yana shiga ƙarƙashinsa. Babur da ya shekara biyar ko goma a jingine, takalmansa za su yi kamar sababbi, ranar da aka hau sai fatar ta ɓalle ta cusa kanta tsakanin takalmi da kwano, ƙafa ta ƙage nan take. Duk babur da aka tayar daga dogon kwanci, a sake masa takalma kafin ya taka hanya, kome kyansu.

Takalmin da giris ko man fok ya jiƙa shi ma ya tashi daga aiki. Akan wanke shi da fetur a cinna masa wuta, wai man ya ƙone. Na sama ne ke ƙonewa, na ciki yana nan, zai fito da zarar birki ya yi zafi, wutar kuma ta raunana gam ɗin.

A jikin kwano sau da yawa akwai rubutun iyakar faɗinsa. A ƙananan Honda masu kwanon milimita 110, iyakar ita ce 111. Milimita ɗaya ke nan tsakanin sabo da matacce. In ya wuce nan, ko sabon takalmi ba zai kama daidai ba. Tsatsa da ƙyalli a goge su da samfefa mai laushi, a share da tsumma mai tsabta.

Sa'ad da takalma suka cinye, wayar birki ta ƙure, akwai masu zare ɗan hannun ƙarfen da ke jikin murfi su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, akwai kuma masu liƙa guntun ƙarfe a bakin takalmi. Haɗarin shi ne ƙarfen nan mai buɗa takalma zai riƙa juyawa fiye da ƙa'ida, wata rana ya tsaya a gicciye ya ƙi komawa, birki ya kama ya ƙi saki. Garin neman gira a rasa ido. A zare ƙarfen a wanke shi, a shafa masa giris ɗan kaɗan a wuyansa da inda takalma ke dafawa, kada ko ɗigo ya taɓa fata. Sifirin da ya saki ko ya yi tsatsa a sake shi.

Wani abin takaici shi ne mahaya da yawa a karkara sun yar da birkin gaba ɗungum, har akan ga babur ba waya a hannunsa na dama, wai birkin gaba kayarwa yake yi. Cikin yashi da taɓo akwai gaskiya a maganar, a nan da lallashi ake taɓa shi. Amma a kan busasshiyar kwalta nauyin babur gaba yake komawa in an tsaya, birkin gaba ke yin kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye. Wanda ya hau babbar hanya da na baya kaɗai, ranar da akuya ko yaro ya gitta masa a Garo zai nemi sauran ya rasa. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da abin hawa mara birki.

Haɗawa

A ɗumama hob kamar dā, a ajiye sababbin boris a inuwa, ko cikin firji in akwai, a ƙulle cikin ledarsu. A share mazauni tas, a shafa masa giris sama-sama. A ɗora boris a miƙe, a sami guntun bututu wanda bakinsa ya yi daidai da zoben waje, a buga a hankali. Ƙa'idar ita ce bugu ya sauka a zoben waje kaɗai. Wanda ya bugi zoben ciki ya kashe boris tun bai fara aiki ba. In ya kai ƙasa ƙarar bugun takan sauya, ta yi tauri. In akwai zobe mai haƙora, gefensa ake fara sa wa, a ɗaure shi. Sa'an nan a juya hob, a sa ɗan bututun tsakiya, kana a sa boris na biyu, a tura shi har zoben cikinsa ya taɓa bututun, amma kada ya matse shi. A zura aksul a gani ko yana ratsawa ba tilas, a juya zobban ciki da yatsa a ji suna tafiya tare ba cijewa.

In buɗaɗɗen boris ne, giris mai jure zafi ake sa masa, kamar sulusi zuwa rabin sararin da ke cikinsa. Ba a cika ramin hob da giris, gama in ya yi zafi zai narke ya gangara cikin kwanon birki. Man shanu da baƙin mai ba giris ba ne. Sabon zoben roba a shafa wa leɓensa giris kafin a dasa shi.

Wajen mayar da murfi akwai wurare biyu da ake kuskure. Na farko giyar agogon gudu: tana da 'yan kunnuwa biyu waɗanda dole su faɗa gurbinsu, in ba haka ba murfin ba zai zauna ba, in kuwa aka ɗaure da ƙarfi sai su murƙushe. Na biyu ya fi muni. A jikin murfin akwai tsagi wanda ke kama wani ƙulli a jikin fok, a waɗansu babura kuma guntun ƙarfe ne da noti. Shi ke hana murfin bin ƙafa in an matsa birki. In bai shiga ba, birkin farko murfin zai juya, ya naɗe waya, ya ƙage ƙafar. A duba wannan da ido, a sake dubawa.

A zura aksul da ɗan giris a jikinsa, a mayar da wosha da zobba yadda aka jera su. A ɗaura wayar birki, a juya ƙafa, a matsa birki a riƙe, a ɗaure notin aksul ana riƙe da shi, domin takalma su zauna tsakiyar kwano. A sauke babur ƙasa, a danna kansa sau huɗu ko biyar fok ya sami zamansa, kana a ɗaure ƙananan notin ƙasan fok. A sa sabon fin a buɗa ƙafafunsa. Ƙusa da guntun waya ba su maye gurbinsa.

Hannun birki a bar masa wasa kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa kafin ya fara kamawa. A ɗaga ƙafar a juya ta, a ji ba ta gogar kome, a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a tabbata waya ba ta jan birki da kanta. Gwajin farko a yi shi a fili, ba kaya ba fasinja, da tafiyar da ba ta fi ta keke ba. Sababbin takalma ba su kamawa sosai sai sun goga sun yi daidai da kwano, saboda haka kwanakin farko a riƙa ba da rata. Bayan tafiyar kilomita biyar ko shida a tsaya a dafa hob: ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai alhali ba a yi ta birki ba, to wani abu ya matse, a koma a kwance. Bayan mako guda a sake bin notin da sifana, a girgiza ƙafar kamar yadda aka yi da farko. Daga nan sai a riƙa wannan girgizawa sau ɗaya a wata, a kuma buɗe murfin birki sau biyu a shekara, in damina ta ɗauke da kuma in hunturu ya wuce.